Murya Ɗari Biyu da Goma Sha Huɗu

Talata, 7 ga Mayu, bayan azahar

Akwai abin da na sani tun jiya wanda ba zan iya faɗa wa kowa a gidan nan ba. In ban sauke shi a takarda ba zai fasa mini kai.

Yau kwanan Baba biyar a asibiti. Ranar Alhamis da safe Inna ta same shi kwance a ƙasa a ɗakin karatunsa. Hannun dama ba ya motsi, ƙafar ma haka. Likita ya faɗi sunan abin, Yaya Usaid ya maimaita mini sau biyu, ni dai ba zan rubuta shi ba. Magana ta ɗauke. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa, yanzu kalma ɗaya ta rage a bakinsa: "to". A ce masa ga ruwa, to. A ce masa sannu, to.

Jiya na dawo gida ɗaukar masa kaya, na ce bari in zuba masa muryoyinsa a waya ya riƙa ji, ko ransa zai yi sanyi. Muryoyin nan su ne aikinsa tun da ya yi ritaya. Shekara bakwai yana bin tsofaffin Fagge gida gida da rikoda, malamai, tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, dillalan kasuwar Kwari na farko, ungozomomi, yana tambayarsu yadda unguwar take a da, saboda littafin da yake son rubutawa. Murya ɗari biyu da goma sha huɗu. Fiye da rabin mutanen nan sun riga mu gidan gaskiya.

Kwamfutar ɗakinsa tana kan batirin sola, ashe tun ranar a kunne take. Na buɗe inda muryoyin suke. Babu ko ɗaya.

Talata, bayan la'asar

Na sake dubawa. Babu.

Laraba, 8 ga Mayu, da safe kafin in tafi asibiti

Ni na haɗa komai, don haka ba ni da wanda zan nuna da yatsa. Ni ce ai injiniyar gida, mai kula da kwamfutocin wata makaranta a Rijiyar Lemo, wadda Baba ke yi wa baƙi alfahari da ita.

Shekara uku ke nan idonsa ya yi rauni, ba ya ganin rubutun kwamfuta. Sai na yi masa dabara. Muryoyin suna kan faifan ajiya guda ɗaya, ɗan ƙarfe mai girman tafin hannu, wanda ake zurawa a wani ɗan akwati kusa da kwamfutar. Na tsara na'urar ta riƙa gadi. Da zarar faifai ya shigo, sai ta duba sunan rumbun da ke cikinsa, wato ma'ajiyar muryoyin. In sunan namu ne, ta tashe shi da kanta, ta buɗe, sannan ta mai da kwafin da ke cikin cikinta daidai da shi, abin da aka ƙara ta ƙara, abin da aka cire ta cire. Ba sai an danna komai ba. In ta gama ta faɗi adadi. Da yake ba ta jin Hausa, muryata na ɗauka na sa mata, lamba bayan lamba. Baba yakan zura faifan ya jingina da kujera, can sai ya ji ni ina cewa, "An shirya. Murya ɗari biyu da goma sha huɗu." Shi kuma ya ce, "Madalla da 'yar Malam." Har maƙwabta ya taɓa kira su zo su gani.

Litinin ta makon jiya faifan ya fara wani ƙas-ƙas, ya ƙi buɗuwa. Ban damu ba, ai akwai kwafi a ciki. Na jefa shi a jaka. Ranar Laraba na sayo sabo, na shirya shi a makaranta, na ajiye shi babu komai a ciki a kan teburin Baba, da niyyar ranar Asabar in zuba masa komai. Ban gaya masa ba, wai don kada hankalinsa ya tashi.

Shekaranjiya a cikin akwatin na sami sabon faifan. Ba ni na zura shi ba.

Laraba, bayan magariba

Na zauna kusa da gadonsa na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, aikinka yana nan lafiya lau, ina kula da shi."

Ya ce to, ya juya fuskarsa ga bango. Inna ta ce gajiya ce.

Alhamis, 9 ga Mayu, azahar

Na ɗauki kwamfutar da faifan biyu a adaidaita zuwa Sabon Gari, shagon Oga Celestine. Shi ke gyara mana kayan makaranta in abin ya fi ƙarfina. A nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan cikin gari. Yana ganin fuskata ya ce, "Malama Raudha, lafiya? Kamar an yi rasuwa." Da na gaya masa halin da Baba ke ciki sai ya ji kunya, ya yi ta ba ni haƙuri, ya jawo mini kujera.

Na yi masa bayani tun daga farko. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Tsohon rumbun, wane suna kika sa masa?"

Na ce, "Bismillah."

"Sabon fa?"

Shi ma Bismillah na sa masa. Na gane tun kafin ya rufe baki.

A gidanmu ba a fara shafi ba tare da ita ba. Ko jerin cefane Baba zai rubuta, sai ya sa ta a sama. Ni kuma tun ina sakandare, duk lokacin da na'ura ta tambaye ni sunan sabon abu, hannuna ke rubuta ta kafin kaina ya yi tunani.

Celestine ya ce, "Ba ke kaɗai ba ce. Rabin faifan da ake kawo mini daga Fagge da cikin gari sunansu ke nan. Namu na nan kuma duk Chineke ne, sunan Allah a yarenmu. Amma na'ura ba ta san albarka ba, Malama, suna kawai ta sani. Ta ga suna daidai, ta buɗe ƙofa. Ta ga babu komai a ciki, ta ce ashe haka maigida yake so, ta share nata ya zama daidai. Abin da kika ce ta yi, shi ta yi."

Ya nuna mini tasa na'urar. "Ni a shagona faifai ba ya tashi da kansa. Ya zo ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. In duba lambarsa ta asali, wadda ba ta da ta biyu a duniya, sannan in ce shigo."

Na san wannan lambar. Na koyar da ita ma. Na ga suna ya fi sauƙin tunawa, shi ke nan.

Ya tambaya ko na taɓa kwamfutar bayan abin ya faru. Na ce ta yi kwana huɗu a kunne, kuma ranar Litinin, cikin ruɗewa, na sauke mata manhajar dawo da fayil har guda biyu. Ya ɗora hannu a ka. Abin da aka goge yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa, ni kuma na je na yi ta rubutu a kai. Wannan ma na sani.

Hanya biyu ce, in ji shi. Zai tone cikin kwamfutar ya ga abin da ya rage. Sannan tsohon faifan, allurar da ke karanta shi ce ta mutu, sai an samo wani faifai irinsa sak an cire tasa an dasa. Sau ɗaya ake buɗewa. In ya ƙi, ya ƙi.

Juma'a, 10 ga Mayu, la'asar

Celestine bai kira ba. Baba ya ci cokali biyu ya rufe baki.

Asabar, 11 ga Mayu, hantsi

Na'ura tana da rajista, duk abin da ya faru tana rubutawa da lokacinsa. Jiya da yamma Celestine ya turo mini shafin Alhamis ɗin da Baba ya faɗi. Na karanta shi sau nawa ban sani ba.

Tara da minti goma sha biyu, sabon faifai ya bayyana. A minti ɗin nan aka tashi rumbu. Tara da sha huɗu, an gama daidaitawa. Tara da sha huɗu, an kunna murya.

Yau na tambayi Inna, kamar hira, ƙarfe nawa ta same shi. Ta ce, "Wa ya duba agogo? An dai gama labaran ƙarfe tara, ina wanke-wanke. Har na ji muryarki daga ɗakin, na ce yau Raudha ba ta tafi aiki ba? Ba a jima ba na ji faɗuwar kujera."

Ranar da nake ɗaukar lambobin, bara, ina zaune a wannan kujerar. Na yi ɗaya, biyu, goma, ɗari. Sai na ce bari in cika aiki, na ɗauki sifili ma. Ina dariya na ɗauka, don na san ba ranar da za a buƙace ta. Ita Baba ya ji ranar Alhamis.

Asabar, bayan azahar

Ba zan rubuta abin da nake tunani ba.

Lahadi, 12 ga Mayu, la'asar

Na tare likitan a baranda. Na ce ina da tambaya, ba don kowa ba, don ilimi. Shin mummunan labari yana iya jawo irin wannan? Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce jinin Malam ya daɗe yana hawa, kuma ga alama ba kullum yake shan magani ba. Na ce amma labari fa? Ya ce ba wanda zai iya cewa.

Na so ya ce a'a. Bai ce ba. Ya ƙara da cewa in mun koma gida a kiyaye duk abin da zai tayar masa da hankali, don in abin ya sake faruwa, na biyu ya fi na farko muni.

Talata, 14 ga Mayu, bayan azahar

An sallamo mu. An shimfiɗa masa a ɗakin Inna saboda ya fi iska. Ɗakin karatun na kulle, makullin yana jakata.

Yaya Usaid ya rufe shago da wuri ya zo. Ya ce, "Ke injiniya, kunna masa tsofaffin nan nasa mana, ai su ne abokan hirarsa."

Na ce kwamfutar tana wajen gyara, zafi ya taɓa ta.

"Kuma komai yana nan?"

"Yana nan."

Baba yana ji. Ban iya kallon wajen da yake ba.

Alhamis, 16 ga Mayu, la'asar

Celestine ya gama tonon cikin kwamfutar. Murya ɗari da talatin da ɗaya sun fito lafiya, amma babu suna ko ɗaya a kansu, lambobi ne kawai. Sauran sun dagule. Wata tsohuwa ta fara ba da labarin rijiyar gidansu, tsakiyar magana sai ga wani mutum yana lissafa tashoshin jirgi daga Kano zuwa Nguru, daga nan sai shuuu.

Na zauna a bayan shagon da abin kunne ina saurare ina rubuta sunan wanda na gane. A farkon kowacce akwai Baba, yana gyaran murya, yana cewa yau rana kaza muna gidan wane. Muryar cike take, har da tsokana. Akwai inda yake ce wa wani dattijo, "Alhaji, wannan labarin jiya ba haka ka ba ni shi ba." Sai da na cire abin kunnen na ɗan fita.

Da na dawo na tarar Celestine ya sa ɗaya a lasifika, ya tsaya cak da sukudireba a hannu. Wani tsoho ne yake Hausa mai karyayyen harshe, yana ba da labarin yadda ya dawo Kano bayan yaƙin basasa ya tarar maƙwabcinsa Bahaushe ya riƙe masa keken ɗinkinsa. Celestine ya ce, "Papa Chukwuma ne. Bayanmu yake zama a coci. Shekara huɗu da rasuwarsa. Ban san babanki ya zo har nan ba." Ya bari sai da ta ƙare. Daga nan ya ce gobe zai rufe shago mu shiga kasuwa neman faifan.

Ɗari da talatin da ɗaya. Saura tamanin da uku. Muryar Malam Abdulmuminu ba ta cikin waɗanda suka fito. Shi ne malamin Baba tun yana yaro, kuma saboda shi aka fara aikin gaba ɗaya. Yana da shekara casa'in da ɗoriya Baba ya ɗauke shi, bai kai damina ba ya rasu.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Mun zaga kasuwar Sabon Gari layi layi cikin wannan zafin. Kowa sai ya ce yana da shi, ya shige ciki ya fito da wani daban. Celestine yana duba lambobin baya yana mayarwa. Ba kamfani ɗaya kawai ake so ba, har shekara da masana'antar da aka ƙera shi sai sun zo ɗaya. Ba mu samu ba. Ya kira ƙanwarsa Ujunwa a Legas, ta ce za ta nema ta sa a mota.

Litinin, 20 ga Mayu, hantsi

Baba yana ramewa a idonmu. Mai gashin ƙashi da motsa jiki yana zuwa, ya ce ƙafar tana amsawa, amma mutum ba ya warkewa da cokali biyu. Inna ta yi kunun gyaɗa, ta yi fate, ta yi farfesun kaza. Ya rufe baki.

Akwai abin da yake yi in yana zaton ba mai kallo. Yakan ɗaga hannun hagu ya bugi na dama, wanda ya mutu. Ba da ƙarfi ba, ba shi da ƙarfin. Ya buga, ya huta, ya sake bugawa. Inna ta ce yana son ya tashe shi ne. Da wannan hannun yake zura faifai.

Litinin, bayan magariba

Na sake ce masa aikin yana nan. Ban san me ya sa nake maimaitawa ba. Ya ce to. Na san wannan "to" ɗin. Ita yake yi mana muna yara in mun ce mun yi sallah alhali ƙafarmu a bushe.

Laraba, 22 ga Mayu, azahar

Ujunwa ta samu. Motar kuma ta lalace a Lokoja.

Alhamis, 23 ga Mayu, da safe

Duk wayar da ta yi ƙara gabana sai ya faɗi. In ina gida tsoron kiran Celestine nake, in ina makaranta tsoron kiran Inna.

Juma'a, 24 ga Mayu, bayan la'asar

An buɗe.

Yana da wani ɗan akwatin gilashi mai fanka a bayan shago, ya sa safar hannu da takunkumi. Ya kashe rediyo, ya ce wa matar da ke shagon kusa ta rage kiɗa. Kafin ya taɓa sukuru na farko ya yi alamar addu'arsu, ni ma na yi tawa. Na tsaya a bakin ƙofa don ya ce ko numfashi ba a so kusa.

Da ya dasa allurar ya rufe, ya haɗa da na'urarsa. Faifan ya juya. Babu ƙas-ƙas. Na'urar ta nuna baƙo ya zo, ta tsaya tana jira, ba ta yi komai ba. Ya duba lamba, ya kulle shi yadda ba za a iya rubuta masa ko ɗigo ba, sannan ya tashe shi da hannunsa. Ga sunayen nan sun jeru, duka ɗari biyu da goma sha huɗu. Na zauna a kan kwali.

Ya ce, "Kar ki yi murna tukuna. Faɗa mini waɗanda babu, su za mu fara ja."

Na riƙa karanto masa daga takardata. Na fara da Malam Abdulmuminu. Na'urar ta yi ta ƙoƙari a wurin, ta kasa, wai nan ne tsohuwar allurar ta karce. Ya ce mu wuce mu dawo. Muka wuce. Minti arba'in faifan ya yi yana ba mu, ɗaya bayan ɗaya, sai ƙas-ƙas ya dawo. Ya kashe ya kunna. Ya sake. Sai ya cire takunkumin ya ce, "Malama, ya gama."

Sittin muka ƙara. Ɗari da casa'in da ɗaya ke nan. Ashirin da uku sun tafi, kuma yanzu na san sunan kowannensu. Biyar suna raye. Goma sha takwas sun rasu, har da Malam Abdulmuminu.

Ina cikin adaidaita aka sako ruwan farko na bana. Yara suna ta tsalle a titi.

Asabar, 25 ga Mayu, bayan azahar

Na gaya wa Yaya Usaid, a zaure, komai da komai har da rajistar. Na zaci zai yi mini faɗa, na ma so ya yi.

Ya ce, "Ki mai da ɗari da casa'in da ɗayan, ki gyara muryar nan taki ta riƙa cewa ɗari biyu da sha huɗu. Ya ji, hankalinsa ya kwanta. Ba gani yake ba."

Na ce, "Yaya, ya san su kamar yadda ya san mu. Ranar da ya nemi Malam Abdulmuminu fa?"

"Da wane bakin zai nema?" Yana faɗa ya yi istigfari. Can ya ce, "Kin ji abin da likita ya ce. In kika faɗa masa wani abu ya same shi, Raudha, ba zan iya kallonki ba. Ke ma ba za ki iya kallon kanki ba."

Gaskiya ya faɗa. Tun ranar sha ɗaya ga wata ba na iya kallon kaina.

Lahadi, 26 ga Mayu, la'asar

Na buɗe wayata don in ɗauki jimlar da Yaya ya ce. Na kai "ɗari biyu da" sau uku, muryar ta ƙi fita daidai.

Talata, 28 ga Mayu, hantsi

Nas ta zo ta sa masa ƙarin ruwa. Ta ce in aka kai Juma'a a haka sai a koma asibiti a sa masa robar abinci ta hanci.

Da ta tafi Inna ta same ni a kicin. Ba ta dube ni ba, tana tsince shinkafa ta ce, "Shekara arba'in ina tare da mutumin nan. Ba ciwon ne ke cinsa ba. Wani abu yake ganin ya aikata. Ni ban sani ba, amma ke kin sani, tun da kullum makullin ɗakin nan yana jakarki."

Laraba, 29 ga Mayu, bayan azahar

Na faɗa masa.

Na jira Yaya ya tafi kasuwa. Na sa Inna ta zauna a ƙofa da abin awon jini a cinyarta, na ajiye lambar mai adaidaita a buɗe a wayata. Takardar sunayen tana hannuna.

Na durƙusa na ce, "Baba, ƙarya nake yi maka tun kana asibiti. Ka yafe mini."

Ya juyo.

"Abin da ka ji ranar Alhamis gaskiya ne, an goge. Amma ba kai ka goge ba. Ka zura faifai yadda na koya maka, ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Ni na ajiye faifan banza a teburinka ban gaya maka ba. Ni na sa musu suna ɗaya. Ni na ce wa na'ura ta buɗe wa duk mai wannan sunan ba tambaya. Ko ni ce na zura shi, haka za ta yi."

Numfashinsa ya canza. Inna ta miƙe, ya ɗaga mata hannu, ta koma ta zauna.

Na ce an ceto ɗari da casa'in da ɗaya, suna wuri uku yanzu, kowanne da sunansa daban. Na ce ashirin da uku ba za su dawo ba. Na tambaya ko in karanta masa su. Ya ce to.

Na fara. Duk sunan da na kira sai ya lanƙwasa yatsa ɗaya na hagu, in sun ƙare ya buɗe ya sake. Hajiya Ruƙayya ungozoma. Alhaji Sule mai siginar jirgi. Na bar Malam Abdulmuminu a ƙarshe saboda tsoro, kuma na san ya lura, don da na kai ashirin da biyu na tsaya, yatsansa yana sama yana jira. Na faɗa.

Bai lanƙwasa yatsan ba. Hawaye ya bi ta gefen da ya karkace ya shiga kunnensa. Ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ina ƙirgawa. Daga baya ya lalubo kaina da hannun hagu, ya ɗora, ya bar shi a nan.

Inna ta auna jinin. Ya hau, amma bai kai inda nas ta ce a ruga ba.

Alhamis, 30 ga Mayu, da safe

Ya kwana lafiya. Ya sha rabin kofin koko. Yaya bai yi mini magana ba, amma ya sayo ƙosai da kansa.

Juma'a, 31 ga Mayu, bayan la'asar

Bayan an sauko daga masallaci ya yi ta nuna ƙofa har muka gane. Na buɗe ɗakin karatun, ni da Yaya muka ɗauke shi a kujera muka kai shi gaban tebur. Hannunsa ya fara lalube. Da ya doshi akwatin faifan sai da na tsorata, ko da yake na cire wa na'urar wannan dabarar tun Asabar. Ya wuce shi. Rikodarsa ya ɗauka, ya miƙo mini.

Na ce, "Waɗanda suke raye za mu koma wa? Zan je, Baba, gobe ma."

Ya girgiza kai. Ya nuna ƙirjinsa.

Na ce, "Malam Abdulmuminu?"

Ya ce to.

Na tuna abin da ke cikin waccan muryar, don sau ɗaya na taɓa jin ta. Malam ya rera masa sunayen malaman Fagge a jere, wane ya yi karatu wajen wane, tun daga na farko, da wani kari kamar na waƙa. Ba a rubuce suke a ko'ina ba. Na danna rikodar na riƙe ta kusa da bakinsa.

Da farko iska ce kawai. Sai karin ya zo, daidai yadda Malam ya yi shi, yana hawa yana sauka, kalmomin kuwa a narke. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya jiƙa masa hula. Yaya ya ce a bari haka, ya isa. Baba bai kula shi ba. Ni tsoro ya cika ni, idona yana kan fuskarsa ina neman alamar da likita ya ce mu kula da ita, amma ban kashe ba sai da ya sauke kai da kansa.

Minti huɗu ne. Yanzu yana barci, Inna tana kusa da shi. Na saurara sau biyu, na gane suna uku, na rubuta. Na ƙara sauti na sake saurare, na ji na huɗu.